Awakin da Verlon Ya Sayo a Tennessee

Ƙanena Verlon Tuggle bai iya magana a hankali ba. In yana gaisawa da mutum a bakin shagona, masu kamun kifi a rafin Mudlick sukan amsa masa. Ga murya, ga cika baki. A faɗarsa shi ya koya wa makaniken garinmu gyaran tarakta, shi ya nuna wa injiniyoyi inda za su kafa gada, kuma ba don ciwon gwiwa ba da yanzu yana majalisa. Ni da na goya shi na san iyawarsa ba ta wuce cin soyayyiyar tarwaɗa da barcin rana a baranda ba. Amma ƙanena ne, kuma tun da matarsa Nadine ta rasu ba shi da kowa sai ni da 'yarsa Twyla.

Twyla ta tafi karatu Arewa, can Boston, ta dawo hutu da wata irin magana mai sauri ta hanci, har ta daina jan kalma irin tamu ta mutanen Alabama. A can ta samu miji, wani yaro mai kunya wai shi Alden Whitcomb. Wayar shagona ta kira ta ba da labarin, domin ta gidan Verlon ba ta ƙara aiki ba tun da ya gyara ta.

"Gwaggo Odessa, uwar Alden so take a yi bikin a nan, a wani babban otal. Da ƙyar na shawo kanta ta yarda ta zo ta ga cocinmu tukuna. In ya yi mata, a gida za a yi. In bai yi mata ba..."

Verlon ya fizge wayar daga hannuna.

"Otal? 'Yata ta cikina? A cocin da aka ɗaura aurena da uwarki, nan za a ɗaura naki! Ki gaya wa matar nan ta zo ta ga gari!"

"Baba, rage murya."

"Ai a hankali nake magana!"

"Baba, don girman Allah, kada ka ba ni kunya. Ka san yadda suke ɗaukarmu a nan."

Mun sani sarai. Ɗan Arewa ya raina ɗan Alabama, mu kuma mu huce a kan 'yan Mississippi, su kuwa ban san a kan wa suke hucewa ba, Allah sarki. Da Verlon ya ajiye wayar sai na ga ya juya baya yana goge ido da hular kansa, wai ƙura ce ta shiga. Na san shi. A duniyar nan ba abin da yake so kamar ya riƙe hannun yarinyar nan ya shiga da ita ƙofar da ya fito da uwarta.

Matsalar ɗaya ce, kudzu. Ciyawar nan mai yaɗo, wadda in ka daɗe kana hira kusa da ita sai ta fara hawa ƙafarka, ta riga ta haɗiye shingen coci, ta cinye allon sunansa, ta rufe tsohuwar motar da ake ɗauko tsofaffi da ita, ta hau bango tana leƙen tagogi. Bayan addu'ar ranar Laraba Fasto Hoyt Satterfield ya ce a yi gayya, kowa ya zo da addarsa ranar Asabar. Mutane na cikin gyaɗa kai sai Verlon ya miƙe.

"Adda? A wannan zamanin? Abin da ya sa 'yan Arewa ke raina mu ke nan! Ku bar mini aikin nan. Awaki zan kawo. Akuya ba ta gajiya, ba ta ciwon baya, ba ta tsayawa shan shayi. Kafin matar nan ta iso, harabar nan za ta yi fes kamar kan Fasto."

Fasto ya shafa sanƙonsa. Iya Earline Pickens, wadda ta kusa shekara tamanin tana zaune a bencin gaba kuma ba ta taɓa haɗiye magana ba, ta juyo ta dube shi ta saman tabarau.

"Verlon, kai da ka kiwata kaji suka yi ƙaura gidan maƙwabta suka ƙi dawowa?"

"Kajin nan butulu ne, Iya Earline. Akuya kuwa ta san babban mutum in ta gan shi."

Aka bar masa. Ba don an yarda da shi ba, sai don ba wanda ke marmarin sara a tsakiyar zafin Yuli.

Ranar da ya dawo daga Tennessee rabin garin ya taru a harabar coci. Ya buɗe bayan a-kori-kurarsa, awaki suka sauko ɗaya bayan ɗaya, gajeru, masu ƙiba, idanu a waje. Babban bunsurun, wani mai gemu ruwan toka, tun a hanya an raɗa masa suna Janar.

"Kamar kyauta na same su," in ji Verlon. "Na matsa wa mutumin har ya kusa kuka. Ɗan Tennessee ai bai iya ciniki ba."

"Bai gaya maka komai a kansu ba?" na tambaye shi.

"Ya ce suna da ɗan saurin firgita. Shi ke nan."

Gabana ya faɗi. A ƙasarmu ba a faɗin abu da girmansa. In an ce maka wane ba ya ɗan jin daɗi, je ka goge baƙar rigarka ta jana'iza. In an ce wance tana da ɗan zafi, to ta taɓa bin mijinta da bindiga. Kowa a Mudlick ya san haka, ban da Verlon, wanda bai taɓa tsayawa ya ji ƙarshen maganar wani ba.

Ya hau bayan motar, ya cire hula, ya cika ƙirji da iska.

"Jama'ar Mudlick!"

Sai muka ji tim, tim, tim. Awakin nan gaba ɗayansu suka sanƙare suka kife, ƙafafu a sama, miƙe ƙam kamar an juya tebura. Ba mai motsi. Janar ma da ganyen kudzu a baki ya faɗi.

"Ubangiji ya yi mana jinƙai," in ji Fasto.

"Ka kashe su, Verlon," in ji Iya Earline. "Na sha faɗa cewa wata rana muryar nan sai ta yi kisa."

Verlon ya diro ya durƙusa a gaban Janar, hula a ƙirji. Yana cikin haka bunsurun ya shure, ya miƙe, ya girgiza jiki, ya kama gefen hular ya hau tauna. Sauran ma suka tattashi suka ci gaba da kiwo kamar ba su ba. Wani zai yi tsuru-tsuru, amma ƙanena ya karkaɗe gwiwa ya dubi jama'a, baki har kunne.

"Kun gani? Horo ke nan! Gaisuwa suka yi. Haka ake koya musu a can, in babban mutum ya yi magana sai su faɗi."

Daidai nan Doyle Skaggs, wanda ke dafa wani abu a cikin daji da ba a faɗin sunansa a gaban Fasto, ya saki atishawa. Awaki suka sake zubewa.

"Ikon Allah," in ji Doyle yana share hanci. "Ashe ni ma babban mutum ne."

Kafin yamma labari ya zagaye gundumar. Duk wanda ya bi ta hanyar coci sai ya rage gudu ya danna oda. Mai madara ya danna, mai kai wasiƙu ya danna, ɗan sandanmu ya kunna jiniya ya ce kuskure ne, ya kai kwana ya dawo ya sake kuskuren. Mutane suka fara zuwa daga garuruwan maƙwabta da kujeru da kankana suna zama a bakin titi. Wata mata daga cocin gaba da mu, irin waɗanda ke zubewa ƙasa in addu'a ta yi zafi, ta zo ta ce awakin nan 'yan cocinsu ne, a mayar musu da abinsu. Akuya ba ta kai ganye baki sau biyu a jere ba tare da ta sha ƙasa ba.

Verlon ya tsaya a tsakiyar titi yana ɗaga hannuwa.

"Ku daina danna oda! Marasa tarbiyya! Ba ku ga dabbobi na aiki ba?"

Tim, tim, tim, a bayansa.

"Ɗan'uwa Verlon," in ji Fasto a hankali, "ina ganin ka fi odar."

Sai ya kawo dabara ta biyu. Ya ɗebo auduga a gonar maƙwabcinmu ya toshe wa kowace akuya kunne, ya ɗaure da tsofaffin safunansa. Na je kai masa abincin rana na tarar da su a jere da ɗaurin kai, sai ka ce masu ciwon haƙori.

"Kimiyya ke nan, Yaya Odessa. Abin da kunne bai ji ba ai ba zai firgita ba."

Bai rufe baki ba kowace ta juya ta cinye safar 'yar'uwarta, ta bi da audugar. Ya buɗe lema don ya kare kansa daga rana ya yi tunani, suna ganin lemar ta buɗe suka kife. Ashe ba kunne kaɗai ba ne, har da ido.

Dabara ta uku daga wajen Doyle ta fito. Ya ce shi bai taɓa ganin tsoron da abin nan nasa bai kore ba, ko kakansa da shi ya je yaƙi. Verlon ya karɓo kwalba ya ɗiga musu a ruwan sha. Gaskiya ta yi aiki, domin ranar ba akuyar da ta firgita. Sun kwanta a inuwar itace tun hantsi suna lumshe ido, aka yi ta danna oda ko kunne ba su kaɗa ba, kuma ba su ci ko ganye ɗaya ba. Janar ya jingina da kabarin kakanmu yana shaƙuwa.

Ana gobe baƙi za su iso muka je duba aiki. Kudzu ya ƙaru. Abu ɗaya tak awakin suka cinye ƙarƙaf, furannin da Iya Earline ta shekara da shekaru tana reno a bakin matakalar coci. Ta tsaya ta dubi kututturan, ta dubi Verlon.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ta ce, da murmushi.

Jikin kowa ya yi sanyi. In tsohuwar Alabama ta sa maka albarka da irin wannan murmushin, gara ta zage ka.

Ba wanda ya yarda ya karɓi awakin ko na kwana ɗaya, motar Verlon kuma tana kan duwatsu tun da ya ji wata ƙara a injinta ya ce bari ya duba. Dole aka kulle su a rumfar itacen wuta da ke manne da bayan coci. Rumfar daɓen katako gare ta, in suka faɗi a ciki har bencin baya ake ji. Don haka Verlon ya bi gida-gida da doka. Gobe ba buga ƙararrawa, ba tafi, ba ɗaga murya a waƙa. Mai son cewa amin ya gyaɗa kai. Tsoho Ansel mai buga ƙararrawa kurma ne, sai da Verlon ya kwarma masa dokar shirun a kunne har karnukan unguwa suka ɗauka.

Ranar Lahadi ƙanena ya fito kamar ango. Sabon kwat da ya matse shi a kafaɗa, sabon takalmi da ya fi ƙafarsa girma, wai babban mutum ba ya sa ƙaramin takalmi, da sababbin haƙoran roba da ya yi oda daga kanti, masu ƙas-ƙas in yana magana. Twyla ta sauko daga mota ta rungume shi, ta dubi kudzu, ta dube ni. Na ɗaga ido sama.

Madam Whitcomb doguwa ce siririya, da farar safar hannu da hula mai furanni. Ba ta da mugun nufi, sai dai yabonta ya fi zagi ciwo.

"Kai, abin sha'awa. Ashe har nan wutar lantarki ta iso."

"Ranar Lahadi kawai muke kunnawa, ranki ya daɗe," in ji Iya Earline. "Saboda baƙi."

"Allah sarki," in ji Madam, ta kuwa yarda.

Ban taɓa ganin sujada irin ta ranar ba. Mu da in mun ɗauki waƙa kwanon rufi ke amsawa, muka rera kamar masu lallashin jariri. Fasto ya yi wa'azi a kan wutar jahannama da raɗa, gumi na tsattsafo masa saboda riƙe murya. Da ya kai inda ya fi zafi, wata baiwar Allah a baya ta manta.

"Amin!"

Rugum, daga bayan bango.

Madam ta waiwaya. "Mene ne wannan?"

"Na'urar sanyaya ɗaki ce, ranki ya daɗe," in ji Verlon, haƙora na ƙas-ƙas. "Sabuwa ce, ba ta gama sabawa ba."

Ta dubi jama'a, kowa na fifita da kwali. Da aka tashi ta ce wa Fasto ta yi mamaki ƙwarai, an gaya mata mutanen Kudu ihu suke yi a coci, ashe sharri ne. Fasto ya yi godiya da muryar da ta dishe saboda rashin amfani.

Aka fita cin abinci a ƙarƙashin itatuwa, yadda muka saba in an yi baƙi. An jera alluna a kan ganguna, an rufe da fararen zannuwa har ƙasa. Ga tarwaɗa, ga kaza, ga burodin masara, ga soyayyiyar kuɓewa, ga dankalin da aka gasa da sukari, ga garwar shayi mai ƙanƙara. Madam ta ɗanɗana kuɓewa da ƙarshen cokali kamar mai gwada magani, sannan ta miƙa faranti a ƙara mata. Ta jingina ta ƙare wa cocin kallo.

"Twyla, 'yata, ban zaci haka ba. Wurin nan yana da nasa kyan. Dubi koren ganyen nan da ya lulluɓe bango. Mu a can sai mun ɗauki ma'aikaci ya shekara yana wahala kafin mu sami rabin wannan."

Cokula suka tsaya a iska. Kudzu take yabo. Twyla ta damƙe hannun Alden a ƙarƙashin tebur, fuskarta ta yi haske. Magana ta ƙare, biki ya zama namu. Abin da ya rage wa Verlon a duniya shi ne ya ci kazarsa ya rufe baki.

A daidai lokacin na ji wani abu mai gashi ya goge mini ƙafa. Na ɗaga gefen zane na leƙa. Awaki ne, reras a ƙarƙashin teburan, sun cinye igiyar ƙofar rumfa sun biyo ƙamshin burodi. Na ɗago zan yi wa Verlon ishara, sai na ga ƙirjinsa ya fara kumbura.

"Ganyen nan, ranki ya daɗe," ya ce, "ni na shuka shi."

"Verlon, zauna," na ce.

"Da hannuna! Mutanen nan har adda suka so sa masa, na hana!"

"Verlon, don Allah dubi ƙarƙashin..."

Ina! Ya riga ya hau benci, kofin shayi a sama. Na ja gefen kwat ɗinsa, ya fizge.

"Jama'ar Mudlick da manyan baƙinmu!"

Ƙafafun awaki suka miƙe lokaci guda suka tokari gangunan. Teburin farko ya tashi sama ya kife, ya ja na biyu, na biyu ya ja na uku. Tarwaɗa ta yi tsalle, kaji suka tashi kamar ba a soya su ba, garwar shayi ta tuntsure ta mai da jar ƙasarmu taɓo. Janar, wanda ya lallaɓo ta baya ya ɗora ƙafafun gaba a kan benci yana cin furannin hular Madam, ya sanƙare ya faɗo mata a cinya, ido cikin ido. Ta ƙwalla ƙara. Awakin da suka fara tashi suka koma ƙasa. Tsoho Ansel ya hango mutane na guje-guje, ya ɗauka gobara ce, ya ruga ya kama igiyar ƙararrawa da dukan ƙarfinsa.

"Kada kowa ya motsa! Ni na san kansu!"

Verlon ya diro daga benci cikin taɓo. Ya ɗaga ƙafa, takalmi ya zauna. Ya ɗaga ɗayar, shi ma ya zauna, har da safa. Ya juya wajen ƙararrawa ya buɗe baki iya buɗewa.

"Kowa ya yi shiru!"

Haƙoran suka fita suka bar shi. Na bi su da ido har suka sauka a farantin kuɓewar Madam. Bai tsaya ba, ya sunkuya ya rungumo Janar daga cinyarta, kwat ya yage daga wuya har ƙugu, kwalbar Doyle ta sulluɓo daga aljihu ta gangara har gaban takalmin Fasto.

Fasto ya ɗauka, ya buɗe, ya sansana.

"Maganin awaki ne," in ji Verlon da dasashi.

"Na ji ƙamshinsa, Ɗan'uwa Verlon."

Wani ya je ya janye Ansel daga igiya. Wuri ya yi tsit. Ga ƙanena a tsaye a tsakiyar fili, ba takalmi, ba haƙori, riga a yage, jar laka har gwiwa, bunsuru a hannu, kwalbar barasa a gefe. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake zana ɗan Alabama a jaridun Arewa don a yi dariya ya san hoton nan, ba abin da ya rage. Ni da na yi shekara sittin ina yi wa Verlon dariya, ranar ban iya ba. Tausayinsa ya kama ni, domin ba Madam yake kallo ba, 'yarsa yake kallo.

Madam ta miƙe tana karkaɗe gashin akuya daga siket ɗinta. Ta juya ga ɗanta ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma mun wuni muna sauraron raɗa, kunnuwanmu sun saba.

"Ka gani ko, Alden? Abin da na gaya maka tun a gida. Haka mutanen nan suke."

Twyla ta tashi tsaye. Na ɗauka mota za ta nufa, kuma da ta yi haka ba zan ga laifinta ba. Sai ta sunkuya ta cire takalmanta masu tsini, ta ajiye su a kan benci, ta taka cikin lakar nan da farar rigarta har ta isa gefen ubanta. Da ta buɗe baki, maganar hancin nan ta Boston ta tafi. Muryar Mudlick ce ta fito, a hankali, kowace kalma da jelarta.

"Ranki ya daɗe, mutanen nan da kike faɗa, ni ce. Wannan kuma babana ne. Da mamata ta rasu shi ya riƙa yi mini kitso kowace safiya kafin in tafi makaranta. Bai iya ba, ko sau ɗaya bai yi daidai ba, kuma ya gaya wa duk garin nan cewa shi ya fi kowa iyawa. Amma bai taɓa fashi ba. A cocin nan za a ɗaura aurena, shi zai shiga da ni. Mai zuwa ya zo, da takalmi ko babu."

Alden ya dubi uwarsa, ya dubi Twyla, ya zauna a ƙasa ya hau kwance igiyar takalminsa. Yana miƙewa ya taka ƙaya, amma yaron kirki, ya haɗiye ihun saboda awaki.

Madam ta juya. Ta dubi ɗanta yana ɗingishi zuwa cikin laka, ta dubi hularta da ta zama kwando. Sannan ta sa farar safar hannunta cikin farantin kuɓewa ta tsamo haƙoran, ta goge su da adiko, ta tako har bakin taɓon ta miƙa.

"Mista Tuggle, ina jin naka ne."

"Na gode, ranki ya daɗe."

"Na yi magana ba daidai ba, a yi haƙuri. Za mu zo. Amma bunsurun nan ba zai zauna kusa da ni ba."

"Sai dai a kusa da ni," in ji Iya Earline. "A cikin tukunya."

Verlon ya sauke Janar, ya cusa haƙoran a baki. Na ga ƙirjin ya fara tasowa, ya ja iska, ya ɗaga hannu sama. Twyla ta yi maza ta rufe masa baki da tafinta.

"Baba, yanzu fa suka tashi."

Ya dubi awakin, ya dubi 'yarsa, hawaye na bin lakar da ke kumatunsa. Ya matso kusa da ni ya sunkuyo daidai kunnena.

"Yaya Odessa," ya raɗa, "da ma haka na tsara."

"Na sani, Verlon," na ce. "Cire haƙoran ka juya su, a kife ka sa."